Ƙafar da Aka Kai Maƙera

Rikoto, Zuru
Watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Leah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da karatu, da zaman ƙasar mutane. Mu nan da sauƙi. Mama tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko a Afirka ta Kudun nan ana samun tuwo, ko har yanzu burodi da shayi ne ke riƙe da ke.

Ki daina wahalar kirana a waya. Tun da nakiyar nan ta tashi da motarmu, kunnen hagu ya yi ritaya tare da ƙafar, na dama kuma sai an yi masa ihu, ni kuwa ba na son duk Rikoto su ji abin da ke cikina. Zan riƙa rubutawa a takarda in kai shagon Madam Nkiruka ta ɗauki hotonta ta tura miki, taki kuma ta buga mini a injinta. Ta ce ita ba ta iya karatun Hausa sosai ba, na ce ai shi ya sa na zaɓe ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙafar robar da aka ba ni ta gaji. Bututun ƙarfen da ya haɗa kofin da dunguna ke shiga da tafin ƙafar ya tsage. Mai walda ya liƙe, ya sake tsagewa kusa da liƙin. Na koma inda aka ba ni ita, aka ce sunana na cikin layi, in jira. Duk wanda ya taɓa sa kakin soja ya san abin da ake nufi da jira.

Da don zuwa coci ne kawai, da na haƙura da sanduna. Amma maganar Theresa ta taso. Kin san mahaifinta, Baba Philemon, dattijo ne a ikilisiya, amma bai saki al'adar golmo ba. Ya ce shi bai san wata hanyar ba da ɗiya ba sai wadda aka ba shi tasa matar: saurayi ya tara sa'o'insa ya yi wa uban yarinya noma. Kakanninmu shekara bakwai suke yi. Ni da yake ina daji wurin aiki, ya yafe mini ya ce huɗar damina ɗaya ta isa. To, makon jiya ya kira ni, ya sa aka ba ni kujera, ya ce sa'o'ina su yi huɗar, ni in zauna a gindin ɗorawa in riƙa miƙa musu ruwa. Na san da alheri ya faɗa. Amma Allah ya sani, da mari ya ba ni da ya fi mini sauƙi.

Leah, mutum nawa na riƙe wa garma a golmonsu kafin in shiga soja? Yau a ce nawa ya zo ina zaune ina rabon ruwa tare da mata? Garin nan ba ya mantuwa. Gobe yaro ya yi faɗa da ɗana a bakin rijiya, ya ce masa sadaka aka ba ubanka uwarka. Na gaya wa tsohon na gode, amma ni zan shiga gaba ranar huɗa.

Mama tana cika baki a kasuwa cewa 'yarta tana dafa ƙarfen da ake sa wa jirgin sama. To, Furofesa, ga ranarki. Ki yi mini bututu da ƙarfenki mafi tauri, wanda ko giwa ta taka ba zai ji ba. Tsawonsa da faɗinsa suna bayan takardar nan, ma'aikacin da ke ɗaura ƙafafun ne ya auna.

Ki gai da malamanki. Allah ya tsare.

Yayanki,
Japhet

*

Watan Maris

Zuwa ga Yayana Japhet,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka sauƙi. Ka gaya wa Mama ana samun tuwon masara a nan, sai dai ba su san miyar kuka ba, kuma ban taɓa taɓa jirgin sama ba sai wanda ya kawo ni.

Na karanta takardarka na yi dariya. Bari in gaya maka abin da nake yi, don ka san abin da ka roƙa.

Ƙarfen garma da na adda, baƙin ƙarfe ne mai gida a cikinsa, sauran abin da ake zuba masa kamar gishiri ne a miya. Namu ba haka yake ba. Ƙarafa biyar muke narkawa wuri ɗaya, baƙin ƙarfe da nikel da kobalt da manganis da kiromiyam, kusan daidai wa daida, babu mai gida babu baƙo. Sunan da ake kiransa da shi a nan yana nufin gami mai yawan hargitsi. A cikin kowane ƙarfe akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a jere layi-layi. In ka ga ƙarfe ya lanƙwashe, layukan ne suka zame a kan juna. Da yake ƙwayoyin nan biyar girmansu ba ɗaya ba ne, layin ba ya zamewa da sauƙi, daga nan ƙarfinsa yake. Amma in an matsa masa ƙwarai yana zamewa, ba ya karyewa.

Aikina kullum shi ne in rage wannan in ƙara wancan in ga abin da zai faru. In na zuba alminiyam, irin wanda ake tukunya da shi, kaɗan ba ya komai. In ya wuce wani ma'auni sai jerin ƙwayoyin ya sake gaba ɗaya, ƙarfen ya yi taurin da zarto ba ya cinsa. Muna da injin da ke kama sanda ta kai biyu yana ja. Na farkon yakan miƙe, ya sirance a tsakiya, kana kallo kana sanin ya kusa rabuwa. Mai taurin kuwa yana nan ƙyam kamar ba abin da ke damunsa, sai kawai ka ji tas. Gautsi gare shi kamar tangaran.

Mai taurin ka nema, kuma ba zan aiko maka da shi ba, ko za ka daina gaishe ni. Na yi maka na farkon. Na ɗan ƙara masa kiromiyam don kada gumi da laka su sa masa tsatsa, kuma hakan ya ƙara masa ƙarfi kaɗan. Ya fi tsohon nauyi, za ka ji a cinya. In nauyi ya fi ƙarfinsa zai lanƙwashe. Ranar da ka ga haka ka tsaya, ka cire, ka rubuto mini.

Malamata ba ta so ba. Ta ce wannan ƙarfen gwaji ne, ba a taɓa ɗora mutum a kansa ba. Sai da na nuna mata hoton tsohon bututun da waldarsa kafin ta ce to, amma don yawon gida da zuwa coci, kafin layinka ya zo. Ban gaya mata maganar gona ba, don ni ma ban yarda ka shiga gona da shi ba. Wata 'yar Yawuri da muke karatu tare za ta zo gida kafin Ista, ita za ta kawo. Ma'aikacin da ya auna ka shi zai ɗaura, ba mai walda ba.

Yanzu maganar golmo. Yaya, ka karɓi abin da Baba Philemon ya ba ka. Mutumin da ya baro gonakinsa a Dirin Daji saboda 'yan bindiga, ya zo yana noman aro a kan dutse, ya san abin da ake kira rashi, ba raina ka ya yi ba. Theresa kuma tun muna ƙungiyar mawaƙa take jiranka. Duk zaman da ta yi a bakin gadonka a asibiti, ban ji ta tambayi likita ko za ka iya riƙe garma ba. Masu maganar bakin rijiya, ko da ƙafa huɗu ka yi huɗar za su sami abin faɗa.

Ka gai da Mama da Theresa.

Ƙanwarka,
Leah

*

Rikoto, Zuru
Watan Yuni

Furofesa Leah,

Gaisuwa da godiya. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, duwatsu sun yi kore.

Saƙo ya iso tuntuni, ki yafe jinkirin amsa. An ɗaura. Ranar Lahadin farko na shiga coci ba sanda, tun daga ƙofa har kujerar gaba, matan zumunta suka kaure da guɗa har fasto ya tsaya da addu'a. Mama ta yi kuka, Theresa ta ɓoye fuska a littafin waƙa. Hannunki yana da albarka, ba wasa.

Wa'azinki kuma na karanta. Kin iya tsara magana, amma ƙanwa ƙanwa ce. Tun da ruwa ya fara, ni da Francis muke zuwa gonar Mama da sassafe ina koyon huɗa da sabuwar ƙafa. Kin tuna Francis, abokina na Unguwar Zuru, wanda muka yi kokawa da shi tun muna yara, shi ne zai ja mini sa'o'ina ranar golmo. Da farko faɗuwa na yi ta yi kamar ɗan maraƙi, yana dariya yana ɗaga ni. Yanzu ina kai kuyya ƙarshenta ban huta ba.

Ranar Talata tafin ya shige tsakanin duwatsu ina cikin ɗaga garma, na juya da dukan nauyina. Bututun ya lanƙwashe kamar yadda kika ce, ƙafar ta koma tana kallon gefe irin ta agwagwa. Kin ce in tsaya in cire in rubuto. Na tsaya, na cire, ga shi ina rubutowa. Sai dai Baba Philemon ya riga ya sa rana, Asabar ta sama, kuma ba zan shiga gonar surukina ina tafiyar kaguwa ba.

Sai na yi abin da kowa a garin nan yake yi in ƙarfe ya karkace, na kai wa Baba Abel maƙeri. Tsohon nan har yanzu hannunsa bai mutu ba. Ya kwance bututun, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce shi ya ƙera garmar Babanmu amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya zura masa sandar ƙarfe a ciki don kada ya lotse, ya sa a wuta har ya yi ja, ya bi shi da masaba a hankali har ya miƙe. Na ce ya tsoma a ruwa mu tafi, ya harare ni. Ya ce baƙon ƙarfe ba a yi masa gaggawa, ruwa ne ke fasa ƙarfe. Ya mayar da shi cikin garwashi, ya daɗe yana zuga kaɗan-kaɗan yana riƙe da shi ja, sannan ya binne shi a toka mai zafi ya ce in dawo da safe, ya huce da kansa, yadda yake yi wa gatarin da yake ji da shi.

Ki zo ki ga aiki. Ya miƙe sambal kamar bakin bindiga. In an ƙwanƙwasa yana ƙara kamar ƙararrawa, Baba Abel ya goga masa zarto, zarton ya zame. Ya fi yadda kika aiko shi tauri nesa ba kusa ba. Abin da kika hana ni, wuta ta ba ni kyauta. Tsohon ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce gudummawarsa ce ta biki, kuma in gaishe ki da aiki.

Ki sa mu a addu'a ranar Asabar.

Yayanki,
Japhet

*

Yaya Japhet,

Ina gaishe ka, amma ka yafe mini, yau ba doguwar gaisuwa. Na roƙi Madam Nkiruka ta rufe shago ta kawo maka wannan hannu da hannu.

Kada ka sake taka ƙafar nan. Ko tsakar gida kada ka taka ta.

Baba Abel bai yi kuskure ba a kan ƙarfen da ya sani. Baƙin ƙarfe in ya huce a hankali laushi yake yi. Namu akasin haka ne. Ƙarafan nan biyar suna zama a gauraye ne don muna kai su zafi mai tsanani ƙwarai, sannan mu tsoma a ruwa nan take, kafin su sami damar rabuwa. In aka bar su suka daɗe a zafin da ƙarfe ke yin ja, kiromiyam ɗin, wanda ni da hannuna na ƙara, yakan bar wurinsa ya taru a gaɓoɓin cikin ƙarfen, ya yi wani ɓawo mai tauri da gautsi. Layukan da na gaya maka ba za su ƙara zamewa ba. Zarton da ya zame, shi ne shaidar.

Ba zato nake yi ba. Da na karanta takardarka na ɗauki guntun da na yanke daga bututunka, na lanƙwasa shi, na sa a tanderunmu a irin wannan zafin, na bar shi ya huce a ciki. Yau na ɗaure shi na buga sau ɗaya. Ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli. Ba zai ƙara lanƙwashewa ya gargaɗe ka ba, Yaya. Zai karye ne, kuma bakin karayar kaifi gare shi.

Na gaya maka gona, na gaya maka mai walda, ban gaya maka wuta ba. Ni da na tashi ina jin masabar Baba Abel daga ɗakin Mama, ban tuna cewa a garinmu duk ƙarfen da ya karkace maƙera ake kai shi ba.

Zan yi maka wani, amma ba zai iso kafin Asabar ba. Ka je wurin Baba Philemon ka ce a ɗaga, ko ka zauna a gindin ɗorawar. Ka nuna wa Theresa takardar nan, tana da haƙƙin ta sani. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da Baba ya rasu. Yau na roƙe ka, don Allah.

Leah

*

Rikoto
Ranar Juma'a

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Madam Nkiruka ta kawo, har da haki.

Na karanta, kuma ban ce ƙarya kike ba. Amma damina ba ta jiran saƙo daga ƙasar waje. Dawar tsohon ta isa huɗa, an yanka akuya, an jiƙa gero, sa'o'ina sun iso har daga Mahuta. In je yanzu in ce a ɗaga, me zan ce? Ƙanwata ta hana ni?

Na gwada ta. Na yi tsalle daga dakalin ƙofar gida, ko gezau. A wurin aiki ma an sha gaya mana hanya akwai nakiya, mu bi, yawanci mu wuce lafiya.

Ban nuna wa Theresa ba, kuka kawai za ta yi. Ba gonar duka zan yi ba. Kuyya ɗaya nake so in kai ƙarshenta a gaban Baba Philemon, ni a gaba, sa'o'ina a baya. In na kai, na yi miki alkawari zan ajiye garma in je in zauna inda aka ce.

Ki kwantar da hankalinki.

Yayanki,
Japhet

*

Zuru
Watan Agusta

Ƙawata Leah,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya karatu, yaya haƙuri. Ni ce Theresa. Na san Mama ta gaya miki abin da ya faru a waya, amma kuka ya hana ta gamawa, shi ya sa na ce bari in rubuto miki yadda na gani da idona.

Ranar golmon da safe Japhet ya zo cikin tsohon wandonsa na soja, ya gai da Babana, ya ɗauki garma ya shiga gaba. Masu ganga suna kiɗa, samari suna amsa waƙa da yarenmu. Leah, ya yi huɗa mai kyau. Ba na tausayi ba, huɗa ta gaske, ƙasa tana kwanciya a bayansa sumul. Tsofaffi suka daina hira. Baba ya tashi daga inda yake zaune ya matso bakin gona. Ni ina riƙe da tulun kunu, ban san lokacin da na ajiye shi ba.

Saura kaɗan ya kai, a wurin da gonar ta gangara kan duwatsu, sai muka ji tas. Mu da muka baro Dirin Daji mun san irin wannan ƙarar, har wasu mata suka ruga cikin dawa. Da na waiwaya yana ƙasa. Ƙarfen ya rabu biyu, guntun da ke jikin tafin ya tsaya a laka, shi kuma ya faɗa a kansa da gwiwa. Bai yi ihu ba. Yana ta laluben garmar yana so ya tashi.

A babur aka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu Sakkwato. Laka ta shiga ciwon, gwiwar ta ruɓe. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, daga ƙarshe suka yanke daga saman gwiwa. Francis da sauran sun koma ranar Litinin sun ƙarasa gonar ba kiɗa ba waƙa, don ba a barin golmo a buɗe.

Baba ya bi mu har Sakkwato, shi da ba ya son mota. Ya tsaya a kan gadon ya ce, "Golmo ya cika, na gani da idona. Ɗiyata taka ce, bayan girbi a ɗaura." Japhet ya juya fuskarsa bango. Da Baba ya fita ya ce mini bai kai ƙarshen kuyyar ba, kuma kowa ya gani.

Yanzu mun dawo gida. Kullum ina kai abinci, Mama ke karɓa a tsakar gida, ya ce kada a bar ni in shiga. Baba Abel bai hura wuta ba tun ranar, yana zaune a ƙofar maƙera kamar mai zaman makoki, duk wanda ya wuce sai ya ce masa shi ya karya yaron.

Mama ta ce kin hana shi tun kafin ranar. Ni ba wanda ya gaya mini. Da na sani da na kwanta a gaban garmar, in ya so ya huɗe da ni. Ba na jin haushinki. Haushinsa nake ji, kuma ina sonsa, duka biyun sun hana ni barci.

Ki rubuto masa. Ko bai bi maganarki ba, yana karantawa. Ki gaya masa ni ban ƙirga kuyya ba.

Taki,
Theresa

*

Watan Satumba

Yayana Japhet,

Ina gaishe ka da jiki. Ubangiji ya ba ka sauƙi, ya ba Mama haƙuri.

Wannan ce takarda ta uku tun bayan golmon, ba ka amsa ko ɗaya ba. Madam Nkiruka ta ce kana karɓa, don haka zan ci gaba.

Francis ya turo mini hoton guntun bututun. Bakin karayar yana ƙyalli kamar sukari, babu alamar ya ɗan miƙe kafin ya rabu. Na nuna wa malamata, na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Tun ranar ban iya tsayawa kusa da injin ja ba, in sanda ta karye sai in fita waje.

Ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ina fushi da kaina da na aiko. Amma ka aika a gaya wa Baba Abel ya hura wutarsa. Ni na san abin da na zuba a cikin ƙarfen, kai ka san abin da na rubuto, shi kaɗai ne bai san komai ba.

Ƙafar da za ka buƙata yanzu mai gwiwa ce, ba aikin hannuna ba ne, kuma ba zan ƙara gwaji a jikinka ba. Ina neman inda ake yinta yadda ya kamata. Za ka yi tafiya, ko da a hankali.

Amma ba don ƙafa na rubuto ba. Tsoho ya shiga mota har Sakkwato ya ce maka golmo ya cika. Shi ke da gona, shi ke da 'ya. Wane ne kai da za ka ce bai cika ba? Yarinyar nan tana tsayawa a tsakar gidanmu da kwano a hannu kamar baƙuwa, maƙwabta suna leƙe. Ƙafa nakiya ta ɗauka, gwiwa ƙarfena ya ɗauka. Theresa kuwa ba abin da zai ɗauke ta sai kai.

Ka ce ta shigo, Yaya. Ko ba za ka yi magana ba, ka bar ta ta zauna.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Leah

*

Rikoto
Watan Nuwamba

Leah,

Na gaishe ki. Takardunki duka sun iso. Ciwo ya warke. Baba Abel ya koma aiki.

An girbe dawar Baba Philemon, an ce ta yi kyau. Na aika masa da kawunmu cewa na janye daga maganar auren. Na ce wanda ya ƙarasa kuyyar shi ya yi golmo, kuma Francis mutumin kirki ne, ƙafafunsa biyu.

Jiya Theresa ta ture Mama ta shigo. Ta ce ita ba garma ba ce da zan ara wa abokina. Ta ce akwatinta na ɗaure, za ta tafi Mahuta wurin gwaggonta, amma in na ce ta zauna za ta kwance shi yanzu. Ta fita ta tsaya a bayan labule.

Ina ganin ƙafafunta ta ƙasan labulen. Ta daɗe a tsaye, Leah. Ban kira ta ba.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Japhet